Baba Leba da Belin Niƙa-niƙa

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima ta birnin Ankara, ƙasar Gana, ya san ba a gaida Baba Leba a wuce. Ka ce, "Ina kwana, Baba?" ba zai amsa ba sai ya tambaye ka, "Ƙarfe nawa ka fara aiki jiya? Ƙarfe nawa ka tashi?" In ka ce shida zuwa shida, sai ya zaro jan biro daga aljihun kakinsa ya rubuta a fayil. Sannan ya ce, "Lafiya lau. Amma ana cin zalinka."

Kawuna ne, wan mahaifiyata. Bari in gyara magana ɗaya tun da wuri: bai taɓa zama sufeto ba. Masinja ne a wani ofishin leba, ba zan faɗi wanne ba. Shekara talatin yana kai fayil daga tebur zuwa tebur, kuma bambancinsa da masu teburan shi ne shi yana karanta abin da ke ciki. Da ya yi ritaya ya ga babu sufeton da ke taka unguwanninmu na zango, sai ya naɗa kansa. Zan kawo abu uku bi da bi, don na ji wasu a wurin zaman makokinsa suna cakuɗa labarin, kuma ba na son haka.

Na farko, ladan. Bayan la'asar ya tare liman a bakin masallaci.

"Allah gafarta Malam, yaushe rabon Malam Sani ladan da hutun shekara?"

Liman ya ce, "Haba Baba! Ai aikin Allah ne."

"Aikin na Allah ne, maƙogwaron na Malam Sani ne."

Bai bar su sun huta ba sai da aka ba ladan mako guda. To Malam Sani kullum sai ya zo ya tsaya bayan wanda ya karɓe shi, yana gyara masa jan murya. Baba ya buɗe fayil ya rubuta shi a layin masu taurin kai.

Na biyu, matarsa Hajiya Adiza. Ya rubuta mata takardar hutun girki na mako biyu, har da sa hannu. Ta ninke ta, ta hau mota sai Kumasi wurin 'yarta. Kwana huɗu ya ƙona tukunyar wake biyu, ya kira ta a waya a gabana.

"Hajiya, an katse hutun. Aiki na gaggawa ya taso."

Ta ce, "Wace doka ta ce a katse wa ma'aikaci hutu don shugaba ya ƙona wake?"

Ya kashe wayar, ya ce, "Tana da gaskiya. Ni na koya mata." Kwana goma garin rogo da ruwa ya sha!

Na uku shi ne dalilin rubutun nan, kuma har yau raina a ɓace yake. A lungunmu akwai niƙa-niƙan Alhaji Gariba, belin injin a fili, ba murfi. Belin nan ya cinye yatsu biyu na Yakubu mai niƙa, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya warke ya koma gaban wannan belin, don ba shi da wani aikin. Matanmu kuma kullum suna giftawa da bakin zane tsakaninsu da shi bai fi taki ɗaya ba. Baba ya ce a rufe belin kafin ya ja wata daga cikinsu. Alhaji Gariba ya ce, "Kawo takardar gwamnati in rufe. Kai masinja ne."

Sai Baba ya koma tsohon ofishinsa, ni na raka shi. Zuwan farko suka ce babu motar fita. Ya ce, "Motar haya ta torotoro ta ƙare a Ankara ne?" Zuwa na biyu suka ce fayil ɗin ƙorafin ya ɓata. Ya wuce su ya shiga ɗakin ajiya, ya ɗauko shi a ƙarƙashin matacciyar fanka, ya ce, "Nan muke ɓatar da su tun zamanina." Zuwa na uku ya tafi da tabarma da buta, ya shimfiɗa a bakin ofishin, ya ce nan ne gidansa sai an ba shi sufeto. Da azahar suka ba shi.

Ofisan ya zo da lakatayi ɗaure a wuya, ya toshe hanci da hankici, ya leƙa, ya buɗa littafi.

"Baba, wurin nan ba shi da rajistar wurin aiki. A wurinmu babu shi."

"Babu shi?"

"A takarda, babu."

"Yakubu, ta da inji!" Inji ya ɗauka, beli ya fara gudu. "To Masa Ofisa, bismilla. Sa hannunka cikin belin da babu."

Ofisa ya yi baya da sauri, sai ga shi zaune cikin bahon ƙullun koko na wata baiwar Allah. Ei! Mata har da guɗa. Ya miƙe yana ɗiga, ya ce zai rubuta rahoto. Muna nan muna jira.

Mun yi dariya, amma ni ina tambaya: ofishin leba na waye? Mahauta, masu walda, masu gadi, masu niƙa, mata masu dako a Kasuwar Malam Atta, ba ma'aikata ba ne? In sai mai rajista za a duba, wa zai duba mu? An kafa ofis don ya san masu aikin ƙasa, ya kare lafiyarsu, sai ya zauna yana jira mu zo mu gaya masa muna nan!

A makon nan Baba ya cire ƙyauren ƙarfe na ɗakinsa, ya sa aka tura shi a kura zuwa wurin mai walda, aka yanka aka yi wa belin keji. Alhaji Gariba ya taso yana huci.

"Wa ya ba ka izinin taɓa mini inji?"

"Alhaji, wurin nan babu shi. Izinin wa zan nema?"

Hajiya Adiza ta ce, "Ɓarayi fa, Malam?"

"Me za su ɗauka? Fayil?"

Sau uku ina kawo kafinta ya sa masa wani ƙyauren, sau uku yana korar mu. Ya rantse ba za a sa ba sai rahoton ofisa ya iso. Damina biyu ya yi da labule, feshin ruwa na shigo masa har gado, kuma a bayan labulen nan muka yi masa wankan ƙarshe.

Kejin yana nan. Yakubu yana niƙa da yatsunsa takwas, ba wanda ya ragu, kuma ba zanen da belin ya sake kaiwa gare shi. Ya Allah, bawanka ya ba da ƙofarsa don 'ya'yan mutane. Ka yafe masa kurakuransa, Ka buɗe masa taKa, kar Ka sa ya jira. Amin.