Tabon Cinyar Akawal

Na yi sharhin tseren dawaki da ban san adadinsu ba, yawanci sun shige sun ɓace mini, amma akwai guda ɗaya da ya ƙi barin raina, kuma na san ba zai bari ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina gabatar da shirin sukuwa a wani gidan rediyo a Dutse, ni ne kuma ke riƙe lasifika a fili ranar tsere. Ga wanda bai san harkar ba, aji-aji ake raba dawaki. Akwai na waje masu tsada, waɗanda ake shigowa da su da takardun asalinsu, dogaye masu siraran ƙafafu kamar barewa. Akwai kuma namu na gida. Ba a haɗa su, don in an haɗa an san mai ci tun ba a tashi ba.

Wata Asabar bayan kaka, a ajin dawakin gida, sai ga wani dattijo makiyayi daga wajen Buji ya jawo wani akawal, baƙi wuluk. Ban san mutumin ba, ban taɓa jin labarin dokin ba. Tun daga tsayinsa raina ya ƙi kwanciya, don ya ɗara sauran da kusan taƙi guda. An lulluɓe masa cinya da wani tsohon zane, duk wanda ya matso zai shafa shi sai dattijon ya ce, "A bar shi, ba ya son hannu." Ba a yaye zanen ba sai da mahayi ya hau.

Da aka saki dawaki, kafin kwana ta biyu akawal ya bar su suna shan ƙura. Bakina na ta zuba kirari a lasifika, idona kuwa na kan cinyarsa ta hagu, inda na hango wani tabo mai faɗin tafin hannu, daidai wurin da ake buga wa wasu dawakin waje tambari. Abin da ya ƙara mini zargi, dattijon bai tsaya karɓar kofi ba. Ya mayar da zanen, ya ja dokinsa ya tafi.

Ina naɗe wayar lasifika sai wani ɗan kasuwa daga Jahun, wanda dokinsa ya zo na biyu, ya ja ni gefe. "Malam, kai ma ka gani ko? Dokin wani babban mutum ne. Ƙona tambarin aka yi, aka rina gashin, aka ba makiyayi ya shigo da shi." Na ce wane babban mutum? Ya ce, "Ai kowa ya sani." Yau da na tsufa a aikin na gane cewa in aka ce maka kowa ya sani, babu wanda ya sani. A ranar kuwa ji na yi na kama babban labari.

A shirin makon ban kama suna ba, sai dai na ce batun wani akawal daga Buji akwai lauje cikin naɗi. Akawal nawa suka zo daga Buji? Kwamitin tsere ya riƙe kofin, ya dakatar da dattijon har a bincika.

Na bi likitan dabbobin kwamiti zuwa rugar makiyayin, da sabulu da soso a jakata. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ƙwaryar nono. Har wannan karamcin na ɗauke shi dabarar toshe baki, na ƙi sha. Da na fito da sabulun sai ya dube shi, ya miƙo hannu. "Kawo, ɗana. Ba zai tsaya maka ba." Shi da kansa ya wanke dokin tun daga geza har kofato, ya dirje, ya sake dirjewa. Na tsugunna ina leƙen kumfa ko zan ga baƙi. Fara fat take zuba.

Likita ya daɗe yana duba tabon, sannan ya ce, "Wannan ba wuta ba ce, ƙahon bijimi ne." Bai gama warkewa ba, ƙudaje ke damunsa, shi ne dalilin zanen. Dattijon ya kai mu bayan bukka ya nuna mana uwar akawal, wata tsohuwar goɗiya doguwa, da ɗan duƙushi a gefenta, kamarsu ɗaya da akawal. Ranar tsere kuwa saniyarsa ya baro tana naƙuda, shi ya sa bai tsaya ba.

Na ce, "Baffa, me ya hana ka zuwa ka kare kanka?"

Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Ina tsakiyar kasuwar shanu na ji a rediyo. Mutumin da muka yi shekara da shekaru muna cinikin shanu ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Da ka zo tun farko, ɗana, da hanyar ba ta fi ta yau nisa ba."

Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe. Na kuma janye maganata a shiri biyu a jere, aka kai masa kofinsa har gida. Amma akawal bai sake taka filin tsere ba. Har yau in ana hirar sukuwa, nakan ji wani ya ce, "Ka tuna dokin nan da aka rina?" Sai in gyara masa, ya gyaɗa kai, in ga alamar bai yarda ba.

Abin da na koya shi ne, zargi in yana cikinka naka ne, kana iya bincike ka kashe shi. In ka sake shi ga jama'a, ko kai da ka haife shi ba ka isa ka dawo da shi ba. Tun daga lokacin, kafin in faɗi magana a kan mutum, sai na taka na je na ji daga bakinsa.