Yaya Badaru da Kyamara Mai Suma

Yayana Badaru mai hoto ne a unguwar Fadikpe a Minna, kuma tun muna yara ba a ajiye abu mai murfi kusa da shi a juya baya. Yana ɗan shekara tara ya kwance rediyon babanmu, wai yana son ganin inda mai karanta labarai yake zama. Ya sha duka, bai ga mutumin ba, washegari kuma aka kama shi da agogon bango. Kakanmu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, babanmu gyaran fitilu ya yi a bakin tasha, shi kuwa Yaya wani mai ɗaukar fasinjoji hoto a can ne ya ɗauke masa hankali, bai sake kallon fitila ba. Yanzu shekararsa sittin ba ɗaya. Shagonsa yana jikin nawa, inda nake sayar da kunun aya da zoɓo, don haka abin da ya wuce ni a rayuwarsa kaɗan ne.

Taƙamarsa ido da hannu. Gilashin da ke gaban kyamararsa tun zamanin fim yake tare da shi, da hannu ake murza shi har fuskar mutum ta fito sosai. In ya ga matasan masu hoto suna danna maɓalli kawai, sai ya taɓe baki ya ce ai waɗannan direbobin kyamara ne, ba masu hoto ba.

Bara na fara lura da wani abu. Wata rana ya tsaya a ƙofar shagona yana gai da wata mata cikin ladabi, har da tambayar mutanen gida, sai da ta yi magana ya gane matarsa ce. Muka yi ta dariya, ya ce rana ce ta haske masa ido. Ba a jima ba Malama Lailatu, maƙwabciyarmu, ta dawo da hotunan 'yarta Yasmin na bikin gama sakandare.

"Malam Badaru," ta ce, "bangon makaranta ya fito har ana karanta rubutun jikinsa. To ina fuskar 'yata?"

Ya ɗora laifin kan injin wanke hoto. Ni dai ban yarda ba, domin na riga na ga kwalbar maganin ɗigawa a ido a cikin durowarsa, ya ɓoye ta bayan tsofaffin batura. In aka ƙara dawo da hoto sau biyu ko uku, unguwa za ta daina shiga shagon nan, kuma Yaya bai iya komai a duniya ba sai hoto.

Ana cikin haka Meshach ya zo. Shi ne mai kawo wa masu hoton garin nan kyamarorin hannu daga Legas, kuma mutum ne mai gaskiya har ta kan yi masa yawa. Ya ciro wata baƙar kyamara daga jaka ya saita ta a fuskata. Wani ɗan akwati kore ya bayyana a kan allonta, ya manne wa idona, na kauda kai ya bi ni, sannan ta yi ƙara, "ƙit".

"Baba, shi yana neman ido da kansa," in ji Meshach da Hausarsa. "Ko akuya ka nuna masa, zai kama idon akuya. Amma ba zan boye maka ba, yana da wahala. Duk irinsa haka suke, kowa ya sani. In ya ji zafi sai ya tsaya cak, sai ka cire batir ka jira. Mutum biyu sun saya, sun dawo min da shi."

"Wato suma take yi?"

"To, suma ne."

Mai hankali a nan zai ce an gode, a sauka lafiya. Yaya kuwa gyara zama ya yi. Bayan minti nawa take suma? A rana kawai ko har a inuwa? In ta farfaɗo, tana tuna hotunan da ta ɗauka, ko mantuwa take yi? Meshach ya sosa ƙeya. Ya ce babu wanda ya taɓa tambayarsa, su dai zagi suke yi su ajiye masa kayansa.

Bayan ya fita na sauke wa Yaya kwandon faɗa. Na ce a Minna za ka sayi abin da ba ya son zafi? Garin da ƙanƙarar kunun ayata ba ta kai azahar a watan uku? Ga shi sai ya sayar da mashin ɗinsa kafin ya iya sayenta, mai lafiyar kuwa da ke neman ido kamarta ko kusa da kuɗinta ba zai iya zuwa ba. Na tuna masa cewa aikinsa na abin da ba ya maimaituwa ne: yaro ya karɓi kyauta sau ɗaya, an raɗa suna sau ɗaya. In ta sume a daidai nan, wa zai ba wa haƙuri?

"Rekiya," ya ce, "ni so nake na san me yake sa ta suma."

Ya roƙi Meshach aron yini ɗaya, ya zaɓi ranar kasuwar Beji, inda babu inuwar kirki. Na bi shi tunda dama can nake sayen aya, amma gaskiya gulma ce ta kai ni. Ya shiga kara ya yi ta ɗaukar shanu da masu su, ya ɗauki mai doya, ya ɗauki wata tunkiya da ta ƙi tsayawa. Duk lokacin da ta ce "ƙit" sai ya danna, yana murmushi kamar yaro da sabon takalmi. Ni aka ba wa aikin duba agogo. Minti ashirin da shida a tsakar rana, allon ya daskare a kan hancin wani bijimi, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Muka fake a gindin wani mangwaro, kusa da wata dattijuwa mai tallar nono, Nana Aisha. Ta ga Yaya yana juya abu a hannu yana hura masa iska, ta tambaya ko lafiya.

"Suma ta yi, Inna."

"Ayya! To ka bar ta a rana? Kawo ta nan."

Ta ajiye kyamarar a gefen ƙwaryarta, ta kifa mata faifai, ta ɗauki wani tana yi mata fifita, tana cewa ita ma nononta in ya sha rana haka yake ɓata rai. Bayan minti tara Yaya ya mayar da batir ɗin da ya cire, ta buɗe ido. Hotunan duk suna nan, na ƙarshen kawai ta manta. Ya shafe sauran yinin yana gwaji: in ya kashe ta tsakanin hoto da hoto, ya rufe ta da faifai, har la'asar ba ta sake suma ba.

Kafin mu tashi ya ɗauki Nana Aisha hoto don godiya. Ya kai allon kusa da fuskarsa, ya nisanta shi, ya sake kawo shi. Sannan ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba.

"Duba min. Ya fito?"

Shekara arba'in Yaya yana hoto, bai taɓa tambayar wani ko hotonsa ya fito ba. Na duba. Ana ƙirga gashin idonta, har mangwaron da mu biyu muna tsaye ana gani a cikin ƙwayar idon. Hawaye suka taho min, na ji haushin kaina. Na ce ya fito, Yaya, ya fito tar.

"Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙe sauran da magani," ya ce. "Na san kin ga kwalbar. Ita tana gani amma tana suma, ni ba na suma amma ganin ya fara gudu na. Ciwonta na san maganinsa yanzu."

Na sayi ayata, muka shiga mota.

Ya sayar da mashin ɗin, ya saye ta. Aikin farko da ya yi da ita, ya je da kansa ya ba Malama Lailatu haƙuri, ya roƙi Yasmin ta sake aro rigar bikin. Ranar ana zafi kamar me, kuma sai da kyamarar ta kunyata shi, ta sume yarinya tana tsaye da takardarta a hannu. Bai ruɗe ba. Ya cire batir, ya zauna a dakali yana yi mata fifita da faifan da ya saya a Beji, yana ba su labarin rediyon babanmu har suka manta jira suke yi.

Da ta farfaɗo ya miƙe ya saita ta. Na lura bai ma matse ido yana leƙen allon ba. Ya karkata kai gefe kawai yana saurare, har ta ce "ƙit", sannan ya danna. Ya miƙa wa Malama Lailatu kyamarar, ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Yauwa, ga 'yata nan."