Sunan da Kwamfuta Ta Ƙi Gogewa

"Baba, danna nan ka goge sunan farko," in ji Malama Rifkatu, maƙwabciyata mai koyar da kwamfuta a nan Gwarzo.

Sunan Hajara ne, matata. Na danna. Na'urar ta ƙi.

Sunayen mamatana ne da nake yi wa addu'a bayan Asuba. Ranar Juma'a na tsallake Hajara, ban farga ba sai da rana, kuma babu kowa a gidan da zai tuna mini. Malama ta kawo mini kunu ta tarar ina hawaye, shi ne ta ɗauko kwamfutarta ta jera sunayen a ciki.

Ta ce a aikin shirya manhaja akwai jerin da in an kafa shi, ko mai shi ba ya iya canza komai a ciki.

Na ce, "To in wani ya sake rasuwa fa? A sake bugawa daga farko, kamar zamanin tafireta?"

Ta yi dariya. "Haba Baba, wa ke da wutar wannan aiki a tsadar nan? Sabon suna kawai ake kafawa a sama, ya riƙe sunan farko na tsohon jerin. Tsohon yana nan yadda yake."

Ikon Allah! Mu da muka yi karatu da alli, komai muka rubuta sai an goge.

Na ce, "Ke nan in sunana ya zo, sunan Hajara zai riƙe."

Ta kau da kai. "Sha kununka, Baba, zai huce."

Ku fa, wane suna kuke tsoron mantawa?