Butar Tururi da Amanar Balaraba

Wata Asabar ce a ƙarshen watan Maris na shekarar 2001, bayan Babbar Sallah da 'yan makonni, Kawu Ɗahiru ya yi sallama gidanmu a Dutse da kwali a hammatarsa. Ƙanen Umma ne, tela a Jidda, ya biyo alhazai ya zo ganin gida. Zafin bazara ya kankama, har kajin Umma sun lafe a gindin randa baki buɗe. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, ya sha ruwa, aka gaisa, sannan ya kwance igiyar kwalin ya fito da wani abu ruwan ɗorawa mai kama da buta, sai dai bakinsa dogo ne siriri, ga igiyar lantarki a bayansa. Ya ce na'urar goge-goge ce, ba ruwanta da sabulu, ruwa kawai ake zuba mata ta mayar da shi tururi. Aka yi sa'a akwai wuta ranar. Baba ya canja mata kan filogi don nata ya ƙi shiga soket ɗinmu. Kawu ya auna ruwa da ɗan kofin da ta zo da shi, ya murɗa murfin tam, muka zuba ido kan wata 'yar jar fitila a jikinta har ta mutu. Da ya danna maɗannin da ke ƙarƙashin mariƙin, tururi ya fito da huci kamar na kububuwa, ƙanena ya ruga ya ɓuya bayan Umma. Kawu ya nufi rishonmu da bakin. Maiƙon da ya shekara yana baƙi a gefensa ya narke ya gangaro, ya sa tsumma ya share, sai ga shuɗin fentin da muka manta da shi. Umma ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan ai buta ce mai fushi." Daga ranar sunanta ya zama butar tururi.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Mu mutanen Kafin Hausa ne, aikin gwamnati ne ya kawo Baba Dutse bayan an ƙirƙiro jiha, muka kama haya a wani gidan da katanga ɗaya ta raba mu da wasu mutanen Jahun. 'Yarsu Balaraba sa'ata ce. Tun muna ajin farko na firamare ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Tare muke bin layin famfo da sassafe, tare muke kai niƙa, in ta gama sharar tsakar gidansu ta ɗauko tsintsiyarta ta taya ni tawa. Da la'asar mukan hau duwatsun bayan unguwa mu tsinci tsakuwa masu santsi na carafke, mu biya ta gindin itatuwan dabino mu tsinci wanda tsuntsaye suka kaɗo. In damina ta yi aka tura ni Kafin Hausa taya Kaka cirar ciyawa a gonar gyaɗa, to ina dawowa da ƙullin dafaffiyar gyaɗa nata daban. Bayan an ƙaddamar da shari'a gaɗar dandali ta yi sanyi a unguwarmu, aka ɗinka mana dogayen hijabai, Islamiyyar yamma ta cika har ana zama a baranda. Yadi ɗaya aka yanka aka ɗinka mana ni da ita, ruwan toka, har malamai kan kira ta da sunana, Rakiya, ta amsa.

Da Kawu ya koma, butar ta zama aikina, don Umma na tsoron hucinta, ni kuwa na kalli yadda ya yi na riƙe. Na koyi cewa ba a cika ta da ruwa, ba a kuma buɗe murfinta sai ta huce, ba a nufar mutum da bakinta ko da wasa. Ruwan randa da ya kwanta nake zuba mata, ban da na rijiya mai gartsi. Da zarar an kawo wuta sai in ji Umma daga madafa tana cewa, "Rakiya, maza kafin su ɗauke." Na bi gilasan taga ɗaya bayan ɗaya, na bi hannun kujerun kushin da zufa ta daddaɓe, na bi ƙasan kwanukan samira da gindin fitilar ƙwai. Har hulunan Baba nakan busa wa tururi in kifa su a kan gwangwani su miƙe. Mata suka riƙa shigowa kallo. Ni kuwa ina ɗaga kai, don a duk layinmu babu gidan da ke da irinta.

Sai Yaya Saude ta dawo hutu daga makarantar kwana da akwatinta na ƙarfe, kuɗin cizo suka biyo ta a cikinsa. Kafin mu farga sun cika ɗakinmu. Mukan tashi da safe jiki duk ƙuraje a jere, zanin gado da ɗigon jini. Wanda bai zauna a irin unguwarmu ba ba zai gane girman wannan abin kunya ba. Sauro na kowa ne, amma kuɗin cizo ana ɗaukarsa shaidar ƙazantar matar gida, kuma Umma mace ce da ke wanke tsintsiya bayan ta yi shara. Ta hana mu faɗa wa kowa. Ta rufe ƙofar zaure ta shanya katifu a rana, ta zuba kananzir a gaɓoɓin gadon ƙarfe, ta yayyafa fiya-fiya har muka yini muna tari. Su lafa kwana biyu su dawo. Baba ne ya ce a gwada butar. Na buɗe ɗinkin gefen katifa da yatsa, sai ga su jingim, manya jajaye da ƙananan ƙwai farare kamar garin gero. Na sa bakin butar dab da wurin na danna, na bi ɗinkin a hankali kamar mai zare. Suka motsa sau ɗaya suka sandare. Warinsu da tururin ya taso da shi har yau ina iya jin sa a hancina. Na bi katifu, na bi tsagar bango, na bi gefen ledar ƙasa da kusurwoyin akwatin Yaya, duk lokacin da aka samu wuta. Sannu a hankali barci ya dawo gidanmu.

Ina cikin wannan aiki wata rana Balaraba ta shigo ba sallama, yadda ta saba, ta same ni durƙushe a kan katifa, gawarwakinsu zube a kan takarda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama hannunta na roƙe ta kada ta faɗa. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta janye hannun rigarta ta nuna mini ƙuraje a jere a damtsenta. Ta ce su ma suna da su tun kafin azumi, Inna Kande, mahaifiyarta, ta rasa yadda za ta yi. Muka yi alkawari, ni na rufe nasu, ita ta rufe namu. Da na gaya wa Umma, ba ta yi wata-wata ba ta naɗe butar a zani ta ce in ɓoye ta a ƙarƙashin hijabi in kai, in kuma yi musu aikin da kaina. Kafin in fita ta riƙe kafaɗata ta ce, "Abin da idonki ya gani a ɗakin mutane, ki bar shi a ɗakin mutane."

Nasu ya fi namu yawa nesa ba kusa ba. Gadon Inna Kande na katako ne, kowace tsaga cike take. Na yi ta zuwa duk Asabar da Lahadi, Balaraba na ɗaga katifa ina bi da tururi, zufa na zuba a idona. Ran nan ruwa ya ƙare, muna gudun kada a ɗauke wuta, na yi gaggawar murɗa murfin kafin ta huce, tururin ya ƙone ni a wuyan hannu fatar ta tashi. Inna Kande ta shafa mini zuma, ta sa mini albarka, ta ce ni 'yarta ce ta biyu. Na koma gida ina jin zafin ƙunar, amma raina fes.

Abin ya faru ne a Islamiyya, bayan an koma daga hutu. Muna zaune a jere a kan tabarma muna bitar hadda kafin Malama ta shigo, kafaɗata na gogar ta Balaraba. Da idona na ga ƙwaron ya fito daga naɗin hijabinta, ya gangaro ta gwiwarta ya sauka tabarma. Na kai hannu zan murƙushe shi a ɓoye, amma Ummi, wata babbar yarinya da kowa ke tsoron bakinta, ta riga ni gani. Ta miƙe tana kakkaɓe jiki tana tambayar daga jikin wa ya fito. Kowa ya juyo yana kallonmu. Ban gama tunanin abin da zan ce in kare Balaraba ba, na ji muryarta a gefena, a sarari, ba rawa a cikinta.

"Daga jikin Rakiya ne. Gidansu cike yake da su. Har inji kawunta ya kawo musu daga Makka na kashe su."

Na juya na dube ta. Idonta na kan littafinta. Gaskiya na bakina, ga ƙunar a hannuna ba ta gama warkewa ba, kuma na san kowace tsaga ta gadon uwarta. Da na buɗe baki da an yarda da ni. Amma na tuna maganar Umma, kuma wani wawan sashe na zuciyata yana jiran ta ɗago ta ce wasa take yi. Ba ta ɗago ba. Ta tattara hijabinta ta matsa can kusa da sauran, aka bar ni da faɗin tabarma ni kaɗai.

Zangon nan gaba ɗaya babu wadda ta zauna kusa da ni. Labarin ya tsallaka firamare. In na ajiye jakata sai a ture ta da ƙafa, in na zo wucewa a yi huci da baki irin na butar, a kwashe da dariya. Wata ta laƙaba mini Mai Tururi, sunan ya bi ni har sakandare. A wajen carafke ba mai karɓar tsakuwar da na taɓa. Balaraba kuwa ta koma ƙungiyar Ummi. Ba ta taɓa shiga cikin masu tsokanata ba, ba ta kuma taɓa hana su ba.

Da Umma ta matsa mini na faɗa mata, ta yafa mayafi ta shiga gidansu, ni ina laɓe a jikin katanga ina ji. Na zaci Inna Kande za ta kira 'yarta ta yi mata faɗa. Sai na ji ta ce, "Ai maganar yara ce, Maman Saude. Kuma tsakani da Allah mu ba mu san wannan abu a gidan nan ba sai da aka fara shigo mana da kaya daga wajenku." Umma ta fito. Ta dawo ta zauna a bakin murhu ta daɗe tana juya tuwon da ya riga ya nuna.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Bayan 'yan makonni Inna Kande ta aiko ƙaramin ɗanta wai a ba ta aron butar, ƙwarin sun dawo. Na tabbata Umma za ta kore shi. Sai na ga ta ɗauko zani tana naɗe butar, ta ce in kai musu. Na ce wallahi ba zan kai ba, karo na farko da na yi mata musu a rayuwata. Ba ta dake ni ba. Ta ce, "Katanga ɗaya ce tsakaninmu. In ba a kashe na can ba, nan za su dawo. Kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don ya yi miki laifi." Ta ɗauka ta kai da kanta, ita da ke tsoron hucinta. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a Islamiyya ba. A ganina na lokacin, kowa ya zaɓi zaman lafiyarsa, ni aka bari da sunan.

Shekara na zagayowa aka yi wa mahaifin Balaraba canjin wurin aiki zuwa Garki. Ranar da a-kori-kura ta zo kwasar kayansu, ta shigo zaurenmu ta tsaya, wannan karon da sallama. Na fito. Ta ce, "Rakiya, za mu tafi." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta tsaya tana murza bakin hijabinta, ni ma na tsaya, na ba ta duk lokacin da take buƙata. Direba ya yi hon, ta juya ta fita. Ban sake ganinta ba. Na ji an ce ta yi aure a can, tana da 'ya'ya manya.

Yanzu ina zaune a Dutsen da ta ninka waccan, a unguwar da dā gonakin gero ne. Irin wannan na'ura ta cika kantuna, ina da tawa, ina bin tayil da labule da ita ba wanda ya leƙo kallo. Gidajenmu kowanne da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, maƙwabciyata sai mu yi wata ba mu haɗu ba. Ba ta san abin da ke ƙarƙashin katifata ba, ban san nata ba, don haka babu abin da za ta iya yi mini. 'Ya'yana ba su da ƙawar da ke shigo musu ɗaki ba sallama, kuma wani lokaci nakan ce sun huta. Amma in na ga yarinyata ita kaɗai a tsakar gida tana shara, sai in ji ina yi mata kwaɗayin wata ta shigo da tsintsiyarta. Har yau ban yafe wa Balaraba duka ba, kuma har yau ban yi ƙawa kamarta ba.