Moɗata

Shekarar da aka ba mu ƴancin kai na komo Gazawa hutu daga lakol, wato makarantar boko, na tarar inna ta ware mini moɗa. Ta rataye ta a ƙusa, nesa da randa. Ban tambaya ba. Na san dalili. An kai mata labarin na bi Almasihu.

Kawu, wan inna, shi ne mai baki.

"Ɗiyata, kumandan Nasara ya naɗe tabarmarsa. Addinin nasu mantuwa suka yi, ko ke aka bar wa gadi?"

Na ce, "Kawu, ba kayan Nasara ba ne, na kowa ne."

"Kowa? To ƙirgo mini su a garin nan."

Ni kaina na fara tunanin ko tsintuwa na yi a kayan baƙi.

Ran Lahadi na nemi masu bi. An nuna mini wani zaure a bayan kasuwa. Na sami wani tsoho kuturu, da Bafillatana mai tallar nono, da Bayarabe mai gyaran keke. Su ke nan. Babu Bature, babu mai wa'azi. Da suka ji na yi lakol sai suka miƙo mini Littafi, na karanta musu inda aka ce ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba.

Tsohon ya ɗaga dungulminsa yana dariya.

"Gara haka, ƴar nan. Da sai an yi aiki, da wane hannu zan yi?"

Bayan addu'a Bafillatanar ta dama fura a ƙwarya. Ludayi ɗaya ne. Ta sha, Bayaraben ya sha, ta ba tsohon a baki, sannan ta miƙo mini, ko ɗauraya babu. Na sha. Tun da na dawo ban haɗa baki da kowa a mazubi ɗaya ba sai ranar.

Na nufi gida da saurina, in ƙirga wa kawu mutanensa. Ya tafi gona. Inna kaɗai na tarar tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Moɗata na gefen tabarmata cike da ruwan sanyi, an rufe ta da faifai don ƙuda.

Haka na riƙa samun ta kullum har hutu ya ƙare. Inna ce ke cika ta, amma ba ta taɓa kai ta baki ba.