Ranar da Ƙofa Ta Ƙi Buɗe wa Mma Asana

Duk direban da ya saba da hanyar Bawku zuwa Yendi ya san farar a-kori-kurar Mma Asana, ya kuma san ba a matsa mata ham. In ka matsa, sai ta rage gudu ta bar ka kana bin ta har ka koyi hankali. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta haura sittin, matashi biyu take ɗorawa a kujera kafin ta hango gaban mota. Albasa take ɗaukowa daga Bawku, ta koma da doyar Bimbilla. Baki kuwa Allah ya ba ta, ba ta kuma taɓa yin rowarsa ba.

A Salaga aka haife ta, a tsohon gidan fataken goro, irin gidajen da goron ya gudu ya bar musu Hausa mai kyau da girman kai. Aure ya kai ta Yendi, gidan Wahabu mai gyaran wayoyin mota. Sauran mata in sun kai wa mazansu tuwo gareji sai su ajiye su juya, ita kuwa sai ta ajiye kwano ta tsuguna. Tun yana korarta har ya fara cewa miƙo mini wancan. A wurinsa ta koyi tuƙi, a wurinsa ta koyi cewa mota ba ta ɓoye ciwonta, mutane ne ba sa saurare. In aka kawo masa motar da aka ce aljanu sun taɓa, sai ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya ɗaga bonet. Bai taɓa rataya laya a madubi ba. Cewa yake layar direba ita ce burki mai ci.

To, burkin wani ne bai ci ba. Wahabu yana kwance ƙarƙashin wata mota da ta mace a gefen hanya, lori ta kwaso ta bi ta kansa. Ɗansu na fari, Awudu, yana saurayi a lokacin, shi ya je ya ɗauko gawar. Da Asana ta fita takaba, dangi suka taru suka ce ta koma Salaga ta riƙa sayar da koko a ƙofar gida. Ta saurare su tsaf, ta yi godiya, sannan ta sayar da garejin ta sayi tsohuwar mota ta nufi Bawku. Wannan farar ita ce ta zamani a cikin waɗanda ta riƙe, irin wadda ake danna rimot ƙofofi huɗu su kulle tare.

Awudu ya zama tela a Salaga, bahago, mai hannu ƙwarai, mai ƙarancin magana. Waƙarsa ɗaya ce duk sallah: Mma, ki ajiye motar nan. Yau ya ce gwiwarta, gobe ya ce idonta, jibi ya ce hanyar Bawku ba ta da tabbas. Ita dai abin da ta ɗauka shi ne kunya yake ji, a ce uwarsa na musu da 'yan lodi a tasha, kuma wannan zaton yana ci mata rai fiye da ciwon gwiwar. Ya taɓa kawo mata layar tsari, ta karɓa ta rataya wa akuyarta. Da sallar da ta wuce ya sake tada zancen a gaban dangi, sai ranta ya ɓaci, ta ce:

"Ku zama shaida. Ranar da motar nan ta yi abin da na kasa gane kansa, ranar zan sa makulli a tafin hannunsa. Kafin nan kuwa, kowa ya kama bakinsa."

Magana zarar bunu. Washegari Awudu ya roƙi motar ya kai ta wanki, ya dawo da ita tana sheƙi.

Ana nan matarsa Munawara ta haifi 'ya mace. Mma Asana ta cika bayan mota da albasa, ta kwana Yendi, ta tsaya Bimbilla ta ƙara doya, ramukan hanya suna ta jijjiga ta. Rana ta take sosai lokacin da ta shigo unguwarsu a Salaga. An riga an raɗa suna tun da safe, Sadiqa, an yanka rago, an kafa rumfa a ƙofar gida, mata sun cika kujeru, tukwanen shinkafa da wake suna tururi. Da aka hango farar mota aka rangaɗa guɗa, kakar jaririya ta iso. Ta tsaya daidai bakin rumfa, ta gyara ɗankwali, ta kashe mota, ta ja marikin ƙofa.

Ƙofa ta ƙi. Ta sake ja, ta sa kafaɗa, ƙofa ko gezau. Guɗar ta fara sanyi. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi, an ɗaure ta, daman hanyar nan ba a bin ta haka kawai. Awudu ya taso daga cikin maza da farar rigarsa, ya zagaya ya buɗe ƙofar gefe ba tare da wata wahala ba.

"Mma, ki tsallako ta nan, in riƙe ki."

Ta dubi giyar da ke tsakanin kujerun, ta dubi gwiwarta, ta dubi matan da suka miƙe tsaye suna leƙe. Ta ga yadda abin zai kasance: a jawo ta kamar buhun albasa, zani ya kwance, a gaban surukai, sannan a tuna mata alkawari. Ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta ce:

"Kai, rufe mini ƙofar nan. Ta inda aka hau, ta nan ake sauka."

"Mma, rana ce. Ki ba ni makulli in gwada ta waje, ko in kira bakanike."

"Makulli? Sannu da dabara. Je ka zauna da baƙinka."

Bai tafi ba, ya tsaya a rana. Ita kuwa ta murɗa makulli rabi, ta sauke gilashi ƙasa gaba ɗaya, ta zare makullin, ta ce wa mata su yi mata shiru. Aka yi, don ba mai son bakinta ya faɗa kansa. Ta danna rimot. Ƙofofi uku suka amsa, ƙas, tata ta yi gurnani ta tsaya. Ta gyaɗa kai. Da batirin rimot ne, ba wadda za ta amsa. Da fis ne ya ƙone, duka huɗun za su yi shiru. Saura wayar da ke bi ta gindin ƙofa, wadda yawan buɗewa da rufewa ke karyawa. Ta manna kunne a jikin ƙofar, ƙarfen na da zafi, ta sake dannawa. Ta ji ɗan injin da ke ciki ya yunƙura, ya ja, ya gaji. Ashe wuta na zuwa, waya ba ta yanke ba. Injin na da rai, wani abu ne ya hana shi.

Zufa ta jiƙa mata wuya. Can ƙasan ranta tsoro ne, don in haƙoran ɗan injin ne suka cinye, sai an ɓalle ƙofa, kuma wannan ba aikin da za ta yi daga zaune ba ne. Ta tuna rumfar koko da aka taɓa yanka mata. Amma fuskarta ba ta nuna ba.

Ta zura hannu ta taga, ta lalubi ramin makulli na waje. Awudu ya miƙo hannu zai taimaka, ta buge shi. Da kanta ta zura, a karkace, kafaɗa na ƙara, ta murɗa. Makullin ya tafi rabi ya tsaya. Sai dai ba tsayuwar ƙarfe da ƙarfe ba ce, abin ya ɗan lotsa ya dawo, kamar ka taka tsumma. Ta sake murɗawa a hankali, idonta a rufe. Ba abin da ke da taushi a cikin ƙofar mota in ba wani ya sa shi ba.

"A kawo mini wayar shanya," in ji ta.

Ba wanda ya motsa, kowa na kallon maigida. Sai ga mai jego da kanta ta fito daga zaure, lalle a hannu, jaririya a kafaɗa, ta ciro waya daga igiyar shanya ta kawo. Ta ɗaga 'yar daidai taga.

"Mma, ga ƙawarki ta gaji da jira, ta ce ta zo ta gan ki."

Mma Asana ta kalli 'yar fuskar. Ta ce, "Ki ce mata ta yi haƙuri, kakarta na aiki. Haska mini nan." Munawara ta miƙa wa wata jaririyar, ta kunna fitilar wayarta. Mma Asana ta ɓamɓare robar bakin taga, ta lanƙwasa kan wayar shanya, ta zura ta tsagar. Ta daɗe tana lalube, tana tsaki, tana zagin wanda ya ƙera ƙofa ba wurin sa hannu. Sau da yawa abin na kamuwa yana suɓucewa. Can sai ta ja a hankali, wani ɗan abu ja ya leƙo, ta cafe shi da yatsu biyu.

Laya ce, siririya, an ɗinke ta da jar fata, ragowar salatif na manne a bayanta. Wani ne ya buɗe jikin ƙofar ya liƙa ta daga ciki. Zafin Bawku ya narkar da gam, ramukan hanya suka kakkaɓo ta, ta faɗa daidai kan sandar da ke ɗaga makulli. Tsohuwar nan ta rumfa ta ce ai ta faɗa, asiri ne. Mma Asana ba ta ko kalle ta ba. Ɗinkin take kallo. Ƙanana ne, a jere, sun kwanta ta hagu. Rigunanta na sallah duka wannan ɗinkin ne a bakinsu.

Ta danna rimot. Ƙofofi huɗu suka amsa tare. Ta buɗe, ta sauko da lafiyayyar ƙafar, ta biyo da mai ciwon, ta tsaya a ƙasa da kanta, ta gyara zani. Ta buɗe baki za ta wanke shi tas a gaban jama'a, don kalmomin sun riga sun hau layi: ga mai cewa a ajiye mota, ashe shi ne ciwonta. Sai ta ga fuskarsa. Mutum mai furfura a gemu, ranar sunan 'yarsa, ya sunkuyar da kai.

"Ranar wanki na liƙa ta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na san in na ba ki, akuya za ta samu. Mma, ni na ɗauko Baba daga hanya. Duk ranar da kika tashi daga Bawku ba na iya zura zare a allura sai an ce kin sauka. Ba zan iya ɗauko biyu ba."

Shekara da shekaru tana zaton kunyarta yake ji. Ta tsaya da layar a tafin hannu, kunyar ta dawo kanta, tausayinsa ya kama ta. Ta warware zaren da ke bakin jakarta, ta zura a layar, ta rataya a wuya, ta tura ta cikin riga.

"Ni za a tsare ko ƙofa? Wurinta ke nan," ta ce. Sannan ta ɗaga makullin sama yadda kowa zai gani. "Na gane kanta ko ban gane ba?"

"Kin gane, Mma."

Ta ɗaure makullin a bakin zani, ta ja kullin da haƙori. "Jibi zan koma Bawku. In allura ta ƙi zaruwa, rufe shago, kujerar gefe ba kowa. Amma ka sani ba a yi mini surutu in ina tuƙi."

Ta juya ta miƙa hannuwa biyu, baƙaƙe ƙirin da maiƙon ƙofa, ta ce a ba ta ƙawarta.