Shekarar da Muka Shuka Ciyawa

Ni ban taɓa iya ƙwallo ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauka tsohon ɗan wasa ne yake ba da labari. Tun muna firamare, in ana rabon 'yan wasa ni ake bari a ƙarshe, sai a ce in je in tsaya a gola tunda ina da tsawo. Abin da Allah ya ba ni baki ne. Da bakin nan na zama shugaban magoya bayan kulob ɗin garinmu, wani ƙaramin gari a gefen hanya tsakanin Kazaure da Roni. Ba zaɓe aka yi ba, muryata ce kawai ta fi ta kowa.

Mai horar da kulob ɗin wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kafa shi, shi ya bi samarin gari gida gida yana roƙon iyayensu su bar su. Yaya magini ne. Da la'asar zai sauko daga kan gini, ya wanke siminti daga hannunsa, ya yi salla, ya rataya usur a wuya, ya sa su a gaba zuwa koramar da ke bayan gari. Ruwa ba ya zama a koramar sai in an yi sama mai ƙarfi, shi ma kwana biyu ya wuce. Sauran shekara rairayi ne zalla, mai nutsar da ƙafa har idon sawu. A nan suke atisaye, ba takalmi, ba raga, ba layi. Duwatsu biyu ne gola. Kafin a taɓa ƙwallo sai sun yi gudu daga gindin tsamiya zuwa kwalbati sun dawo, sun sake komawa, har sai harshe ya fito. Ranar wasa kuma a ari filin firamare.

Kuma muna ci. Shekara biyu a jere muka ɗauko kofin gasar da ake yi tsakanin garuruwan yankinmu bayan kaka. Kafin hutun rabin lokaci ba mu fi kowa ba, wani lokaci ma a gabanmu ake. Amma da an dawo sai ka ga abokan karawa sun fara riƙe ƙugu, namu kuwa kamar yanzu aka sake su. Mutanen Babura suka ce asiri ne. Na Gwiwa suka ce rubutu muke sha a bokiti. In aka kawo wa Yaya irin wannan magana sai ya yi dariya ya ce, "Su zo su sha, ga shi can shimfiɗe a bayan gari."

Abu biyu ne suka ɓata mini kai. Na farko gidan kallo da aka buɗe a bakin tasha. A nan na ga filayen Turai, ciyawa kore shar, an aske ta layi layi, har da wuraren da aka ware don atisaye kawai, ruwa na fesowa daga ƙasa. Na biyu wani wasa da muka je cikin Kazaure. Muna sauka daga mota magoya bayan masu gida suka fara ihu, "Ga kwaɗi nan! 'Yan korama sun iso!" Wani har da tsalle irin na kwaɗo a gabana. Mun ci wasan nan, amma ni raina a ɓace na dawo gida. Kalmar ta zauna mini a ƙirji ta ƙi wucewa.

Daga nan na ɗauki maganar fili na kai teburin mai shayi, inda majalisarmu take. Kowa da ra'ayinsa. Wani direba ya ce in a cikin yashi muka ci kofi biyu, ai da ciyawa sai dai a ji mu a Dutse. Wani tsohon tela, wanda bai taɓa fashin wasa ba, ya ce abin da ke tafiya daidai a bar shi ya tafi. Mai shayi shi ko a jikinsa, kullum maganarsa ɗaya ce, a canja gola. Ni kuwa na dage a kan cewa kulob mai kofi biyu ba ya atisaye inda jakuna ke birgima. Na yi ta faɗa, safe da yamma, har waɗanda ba su yarda ba suka gaji suka yarda. Wani Alhaji mai fataucin hatsi a kasuwar Babura ya ji labari, ya ce ga gonarsa ta bakin titi, mu yi fili.

Yaya bai yi mini musu a waje ba. A ɗakin mahaifiyarmu ya same ni, ya ce, "Filin nan ban ƙi ba. A yi shi don ranar wasa, mu daina aron na makaranta. Amma atisaye ka bar mini shi a korama. Ƙafar da ta saba da rairayi, in ta hau ƙasa mai tauri ba ta jin nauyin kanta. Wannan shi ne duk abin da muke da shi."

Magana ce mai kyau, kuma ko a lokacin na san mai kyau ce. Sai dai ni ba nasara nake nema ba, mun riga muna da ita. So nake a daina kiranmu kwaɗi.

Aka kira taro a gindin darbejiyar ƙofar firamare, 'yan wasa da magoya baya da wasu dattawa. Yaya ya maimaita abin da ya faɗa mini, a hankali, yadda ya saba. Na ga kawuna sun fara gyaɗawa, na ga maganata za ta faɗi. Sai na miƙe na ce, "Yaya, da girmanka, amma duniya ta ci gaba. Kai magini ne, yashi kawai ka sani."

Wasu samari suka fashe da dariya. Dattawan ba su yi ba. Tsohon telan nan ya ce, "Kai, wanka ne fa." Yaya ya dube ni, ba da fushi ba, kallon wanda yake son ya tabbatar daga bakin wa maganar ta fito. Sannan ya cire usur daga wuyansa ya ajiye a kan benci, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya sa takalminsa ya tafi. Wallahi a ranar daɗi na ji. Abin da ya fi ci mini rai ke nan in na tuna.

Muka samo sabon koci daga Kazaure, mai takardar shaida da wando mai layi a gefe. Muka kira gayya aka sare kututture, aka baje kunyoyi, aka kafa turakun ƙarfe. Muka je fadama da buhuna muna tono ciyawar kirikiri don dasawa. Tsofaffi masu wucewa gona suka riƙa tsayawa suna kallonmu. Wani ya ce, "Ikon Allah. Mu mun ƙare rayuwarmu muna cire ciyawa, ku kuna shuka ta." Na ce masa, "Baba, wannan ta zamani ce."

Matsalar ita ce gonar ta gaji. Jigawa ce fara, ko gero da ƙyar take yi. Mu kuma 'ya'yan manoma ne, mun san abin da ake yi wa gona in ta gaji: a kira Fulani su sauka da shanu su kwana a kai, su bar taki. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin ko abin da ke gyara gona yana gyara filin ƙwallo. Ni da ƙafata na je wurin Arɗo na roƙe shi. Shanu suka yi sauran bazara a filinmu, ina zagayawa ina duba kashin shanu ina murna, ina gaya wa mutane su jira su ga ikon Allah.

Ruwa na sauka filin ya yi kore. Kai, ya yi kyau! Masu mota suna rage gudu su kalla. Na ɗauko mai hoto takanas daga Kazaure, muka jeru da 'yan wasa a tsakiya, ni a gaba na rungume kofi kamar ni na ci shi. Sabon koci ya jera ƙananan robobi a kan ciyawa suna zagayawa, ba wanda ya sake leƙa korama.

Sai da damina ta yi nisa muka gane abin da muka shuka. Shanun sun zo da ƙarangiya a jelarsu da jikinsu, sun zo da irin tsidau a kofatonsu, taki kuma ya karɓe su hannu biyu. Yawancin koren da muke alfahari da shi ba kirikiri ba ne. Ƙarangiya ta fitar da kai, tsidau ya shimfiɗu a ƙasa da ƙayarsa mai ƙahoni. 'Yan wasanmu kuwa kaɗan ne masu takalmin ƙwallo, su ma ajiye shi suke sai ranar wasa. Atisaye ya koma zaman cire ƙaya. Mutum zai ɗauki ƙwallo da gudu, sai ka ga ya tsaya cak ya ɗaga ƙafa ɗaya. Golanmu ya yi tsalle ɗaya ya tashi da ƙarangiya tun daga wuya har gwiwa, ya rantse ba zai ƙara faɗuwa ba ko za a ci shi ɗari. Ƙwallaye suka riƙa sacewa. Koci ya ce shi ba a koya masa aiki a cikin ƙaya ba, ya hau mota bai dawo ba.

Muka ce to a koma korama. Muka tarar masu tifa sun riga mu. Da can suna jin nauyin Yaya, don abokan sana'arsa ne, ba sa ɗibar yashi a wurin atisaye. Da suka ga an bar wurin sai suka shiga. Ramuka ne ko'ina, wani ya kai ƙirji.

A gasar shekarar, wasan farko aka fitar da mu. Samarin wajen Yankwashi ne suka ci mu, waɗanda a da muke yi musu dariya. Bayan hutun rabin lokaci na ga 'yan wasanmu sun riƙe ƙugu, ɗaya bayan ɗaya. Ranar ce kaɗai a rayuwata na kalli wasa bakina a rufe.

A teburin mai shayi kowa ya zama dama shi ya faɗa. Direban da ya kai mu Dutse da baki ya ce tun farko bai yarda da ciyawar nan ba. Ba wanda ya zage ni ido da ido, amma duk suka ce abu ɗaya: in je in dawo da Yaya. Mahaifiyarmu ma ta ce, "Ka je ka ba wanka haƙuri, ba zai rage ka da komai ba." Na ce mata to. Gida ɗaya muke da shi, katanga ce kawai tsakanin sashena da nasa. Kullum da safe ina durƙusawa in ce, "Yaya, ina kwana," ya ce, "Lafiya lau, ya iyali?" Bai taɓa tayar da maganar ba, bai canja mini fuska ba. Da ya zage ni, da na samu ƙofar shiga. Kullum sai in ce gobe.

Wata safiya, rana ta ɗan fito, na hau babur zan tafi aiki Kazaure. Da na zo daidai filin sai na hango mutum a sunkuye a gaban raga, ga buhu a gefensa. Yaya ne. Shi kaɗai. Da hannu yake tuge tsidau ɗaya bayan ɗaya, don fartanya za ta tafi da kirikirin da ya rage. Ya riga ya share wuri mai ɗan faɗi, alamar ba ranar ya fara ba. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya gaya wa. Filin da aka ci masa mutunci a kansa yake gyara wa samarinsa.

Na rage gudu. Abin da ya rage mini kaɗan ne: in kafe babur, in naɗe hannun riga, in sunkuya kusa da shi. Ko magana ba sai na yi ba, zai gane. Sai na tuna farar shaddar da ke jikina, na tuna na makara, na tuna masu wucewa za su gan ni su kai labari majalisa. Ya ɗago kai ya gan ni. Na ɗaga masa hannu. Ya ce, "A sauka lafiya." Na murɗa babur na wuce.

Mutum ɗaya ba ya gama da ƙayar fili guda. Kafin wata damina samarin sun watse, wasu cirani, wasu aure, Alhaji ya karɓi gonarsa ya zuba gero. An sake kafa wasu kulob a garin daga baya, amma Yaya bai ƙara zuwa kallon wasa ba, ko na yara a ƙofar gida. Muka ci gaba da zama lafiya shekara da shekaru. Shi ya gina mini ɗakunan da nake ciki yanzu. Sau da yawa muna zaune mu biyu maganar ta zo mini har maƙogwaro, sai in ga ai abin ya daɗe, tayar da shi ma kunya ne.

Ranar da ya rasu, bayan an yi masa sutura an fito da shi, liman ya juyo ya ce wa jama'a, "Duk wanda bawan Allah nan ya saɓa wa, ya dubi girman Allah ya yafe masa." Sahu gaba ɗaya aka amsa, "Mun yafe." Ina sahun gaba, na ji bakina ya faɗa tare da su. Sannan na ji abin da na faɗa. Ni ne nake yafe wa Yaya. Na tsaya ina jira ko liman zai juya tambayar, ya nema mana a wurinsa, alhali na san ba a yin haka. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara.